Kariyata ta zubar da ganye, ko mutuwa za ta yi?

Tambaya: Salam Malam. Na sayi fulawar kariya na sa ta a tukunya a tsakar gida, safe da yamma ina ba ta ruwa, amma tunda hunturu ya shigo ganyen sai zubewa yake. Me zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah ki dakata da ruwan nan tun yau, shi ne abin tsoron ba zubar ganyen ba. Kariya itaciyar sahel ce, tun daga Senegal har Sudan tana fitowa da kanta a daji, kuma wannan ƙaton gindin nata ruwa take ajiyewa a ciki, shi ya sa in hunturu ya zo sai ta watsar da ganye ta huta, sau da yawa ma a lokacin ranin ne za ki ga furen nan mai ruwan hoda ya fito a kan reshe tsirara.

Ki danna gindin da yatsa. In da tauri lafiya lau take, ki bari ƙasar ta bushe ƙayau kafin ki ƙara ruwa, a sanyin nan ko sau ɗaya a sati biyu ya ishe ta. In kuwa ya yi laushi yana lotsawa to ruɓa ya fara, sai ki tumɓuke ta, ki yanke duk inda ya yi baƙi da wuƙa mai tsabta, ki barbaɗa toka a wurin ki ajiye ta a inuwa kamar kwana 5 ta ƙafe, sannan ki sake dasawa.

Ƙasar ma da muhimmanci, yashi ya fi yawa, ki haɗa da gutsattsarin gawayi da taki kaɗan wanda ya ruɓe sosai, laka kam a'a. Tukunya dole da huda a ƙasa, musamman saboda damina, ruwa ya kwana a cikinta ɓarna ce. Sannan rana take so, aƙalla awa 6, in kika ɓoye ta ƙarƙashin rumfa fure zai yi wuya.

Abu ɗaya da ba na so ki yi wasa da shi, ruwan da ke fita in an yanke ta guba ne, har dafin kibiya ake yi da shi a da. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa, kar ya shiga ido, ki ɗora tukunyar inda yara da awaki ba za su kai ba.