Shuɗayen mahaɗan alminiyom a jikin injin jirgi: a bar su ko a cire?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Amurka, ni da abokina muna haɗa ƙaramin jirgin sama samfurin RV-7 a gareji, yau shekara huɗu ke nan. Mun ɗora injin Lycoming O-360, farfelarsa mai gwamna ce, wato na'urar da ke daidaita gudun farfela da matsin baƙin mai. Duk mahaɗan tiyon baƙin mai da na fetur da muka ɗaura a jikin injin shuɗayen nan ne na alminiyom. Wani dattijo ya leƙo, ya ce ko da kuɗi ba zai shiga jirgin ba sai mun mayar da su na ƙarfe. Abokina ya ce tsoro ne kawai, tunda matsin man bai kai psi 100 ba a ma'aunin matsi, mahaɗan kuwa suna ɗaukar ninkin haka sau da yawa. Tun ranar barcina ya ragu, domin maiɗakina nake so in fara ɗauka. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, jirgin yana ƙasa tukuna, gyaran kuma na yini ɗaya ne. Dattijon nan ya fi abokinka gaskiya, ko da yake ya ɗan zarce. Akwai wuraren da alminiyom ba shi da laifi. Bayan bangon tare wuta, wanda ya raba injin da sauran jirgin, wato cikin ɗakin matuƙi da fukafukai, ku bar shuɗayenku. Ko a jikin injin ma, bututun da ke mayar da baƙin mai daga kan silinda na alminiyom ne, kuma ba matsi a cikinsu. Amma duk mahaɗin da aka murɗa cikin jikin injin, wanda mai ko fetur ke bi ta cikinsa da matsi, sannan tiyo na rataye a bakinsa, ni na ƙarfe nake sawa. Haka wanda ya ratsa bangon tare wuta. A lambar kayan za ka gane: AN816-4D na alminiyom ne, wanda ba shi da D ɗin na ƙarfe ne. In ka yi shakka, kanga masa mayen ƙarfe.

Maganar abokinka ce ta dame ni, domin kusan kullum sai na ji irinta, kuma masu ilimi ne ke faɗinta. Lissafinsa daidai ne, matsin psi 90 ba zai fasa mahaɗin alminiyom ba ko da zai shekara ɗari. Sai dai ba matsi ne ke karya su ba, jijjiga ce. Injin nan naku mai silinda huɗu ne, yana bugawa sau biyu a kowane zagaye. In kuna tafiya a zagaye 2,400 a minti, bugu 4,800 ke nan, a awa ɗaya 288,000. Kafin ku cika awa 35 a sama, kowane mahaɗi ya sha girgiza sama da sau miliyan goma. Tiyon da ke cike da mai yana da nauyi, shi ke lanƙwasa wuyan mahaɗin gaba da baya, kaɗan-kaɗan yadda ido ba zai gani ba, kuma duk wahalar a gindin tiredi, wato zaren da ake murɗawa, take taruwa, inda naman ƙarfen ya fi siranta.

A nan halin ƙarafan biyu ya rabu. Ƙarfe yana da wata iyaka wadda in lanƙwasar ba ta kai ta ba, zai iya jurewa kusan har abada. Alminiyom ba shi da wannan iyakar. Komai ƙanƙantar lanƙwasa, yana ƙirga ta, wata rana lissafin ya cika. Shi ya sa nake jin haushi in wani ya ce mini, "Ai nawa ya yi awa ɗari uku bai ɗiga ba." To sai me? Tsagar gajiya ba ta sallama. Tana tafiya a ɓoye ƙarƙashin shuɗin fentin, mahaɗin yana nan a bushe tas, ranar da ta kai gaci sai ya ɓalle gaba ɗaya. Awa ɗari ukun da yake alfahari da su, su ne ma abin da ya riga ya ci daga kwanakin mahaɗin. Kuma famfon man Lycoming ba ya jiran kowa, cikin 'yan mintuna zai watsar da man waje, ya wanke gilashin gaba, a daidai lokacin da matuƙi ya fi bukatar ganin inda zai sauka.

Wannan ba hasashe ba ne. A 1990 hukumar FAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka, ta fitar da umarni na tilas mai lamba 90-04-06 a kan injinan Lycoming masu silinda huɗu da gwamnansu ke baya, saboda bututun man da ke zagayowa daga gwamna zuwa gaban injin yana karyewa. Gyaran da aka wajabta shi ne a cire notuna da mahaɗan alminiyom a sa na ƙarfe, a kuma tabbatar maɗauran bututun suna wurinsu. In gwamnanku a baya yake, injinku irin wannan ne, saboda haka nan za ka fara dubawa gobe da safe. Na san za a ce maka jirgin gwaji ne, ajin da ake yi wa jirgin haɗin gida rajista, a yi ta gardama kan ko umarnin ya hau kanku. Ku bar lauyoyi da wannan. Alminiyom bai san ajin rajistar jirgi ba. Haka takardar da mai dubawa zai sa wa hannu, ba ta nufin ya bi kowane mahaɗi ɗaya bayan ɗaya. Kai ka haɗa, kai ne kamfanin.

Maganar wuta gajera ce. Zallan alminiyom yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Celsius, gaurayen da ake yin mahaɗai da shi ma kafin nan ya saki. Wutar da ake gwada kayan inji da ita kusan digiri 1,100 ce, minti biyar ga mai jure wuta, minti goma sha biyar ga wanda wuta ba ta ci. Ƙarfe sai ya haura 1,400 kafin ya narke. Na sha ganin mutum ya kashe kuɗi ya sa wa tiyo rigar wuta mai ruwan lemo, sannan ya bar mahaɗin alminiyom tsirara a bakinsa, taki ɗaya daga salansa.

In nauyi ne damuwar abokinka, ƙarfe ya kusa ninka alminiyom sau uku, gaskiya ne, amma a kan abu kamar ɗan yatsa muke magana. Duka canjin ba zai kai nauyin gorar ruwan da za ku shiga da ita ba.

Sai dai kada ka ɗauka sa ƙarfe ya gama magana. Tiredin NPT, wato na ɓangaren mahaɗin da ke shiga jikin injin, mai tsini ne, yana buɗa ramin yayin da yake shiga, jikin injin kuwa alminiyom ne. In ka ƙara zagaye ɗaya don gwiwar mahaɗin ta kalli inda kake so, jikin injin ne zai tsage, asarar ta fi ta mahaɗi nesa ba kusa ba. Ka shafa man liƙe tiredi wanda fetur ba ya narkarwa, ka bar zaren farko a bushe. Farin tef ɗin masu gyaran famfo kuwa kada ya kusanci injin, guntunsa ɗaya ya isa ya toshe hanyar mai. Kada ka murɗa na'urar auna matsi kai tsaye a jikin injin, ko da a kan ƙarfe ne. Ka kai ta bangon tare wuta, ka ja mata tiyo, a bakin injin kuma ka sa mahaɗi mai ɗan mitsitsin rami, don in tiyon ya fashe man ya riƙa fita kaɗan-kaɗan. Kowane tiyo a ba shi ɗan sako-sako da maɗauri, domin injin yana rawa a kan robobinsa, bango kuwa a tsaye yake.

Wajen saye ka kula. Kusurwar bakin mahaɗin AN, wato na jirgin sama, digiri 37 ce, na mota da na gas ɗin girki sau da yawa 45 ne. Za su shiga juna, su yi kamar sun zauna, daga baya su ɗiga. Jajaye da shuɗayen nan masu ƙyalli da ake tallatawa a intanet don motocin tsere ma ba su ba ne, ko da an rubuta AN a jikinsu. Ka saya wurin masu sayar da kayan jirgi, da cikakkiyar lambarsu. In kun gama canjin, ku kira dattijon ya sake dubawa kafin ku rufe murfin injin.