Ku Tambayi Anti: Sif ya cika dam, amma ranar biki babu na sawa

Saƙonni huɗu na ɗauko wannan karon kuma duk a kan tufafi ne, na haɗa su wuri ɗaya saboda maganinsu kusan iri ɗaya ne.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya gida ya ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema, ni dai sif ɗina mai ƙofa huɗu ne kuma a cike yake dam, ga akwatunan lefena guda biyu a samansa da har yau ban gama ɗinke kayan ciki ba, amma duk ranar da za a fita biki ko suna sai in tsaya ina kallon kaya in rasa wanda zan saka ƙarshe in koma kan kala ukun nan da kowa ya sanni da su. Watan jiya na shiga Kwari na sayo atamfa mai ruwan ganye, ina dawowa gida na buɗe akwati zan ajiye sai ga irinta sak, zane ɗaya kala ɗaya, wallahi sai da na zauna. Ƙanwata da ke jami'a ta ce wai in riƙa rubuta kayana a Excel, ni kuma na ɗauka abin 'yan banki ne da masu aikin ofis. Da gaske zai yi min amfani ko dai ƙaƙale ne irin na yaran yanzu? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙanwarki ta faɗa miki gaskiya, kuma ba sai kina da kwamfuta ba, wayar hannunki ta isa. Akwai Excel na waya, akwai Google Sheets wanda kyauta ne in dai kina da Gmail, wasu kuma WPS Office suke amfani da shi, duk dai abu ɗaya ne, fili ne mai gida-gida, layuka a kwance da lambobi 1, 2, 3, layuka a tsaye da harufa A, B, C. Ni Google Sheets nake ba mutane shawara saboda lissafin yana ajiye ne a asusunki ba a cikin wayar kaɗai ba, ko wayar ta lalace ko an canza ta kina shiga Gmail ɗinki za ki tarar da abinki.

Amma fa aikin farko ba na waya ba ne. Ki ware rana guda da ba ki da baƙi, ki shimfiɗa tabarma ki fito da komai, na sif, na akwati, na Ghana-must-go ɗin ƙarƙashin gado, har mayafai da ɗankwalaye da suka rabu da zannuwansu. In ya yi miki yawa ki fara da waɗanda ba a ɗinka ba kawai, don a nan ne kuɗinki ya fi kwanciya.

Sai ki buɗe sabon shafi, a layin farko ki rubuta kanun: a A bayanin kayan yadda ke za ki gane, misali "atamfa kore mai zanen fanka, ta lefe", a B irinsa wato atamfa ko leshi ko shadda ko material ko abaya, a C kala, a D an ɗinka ko ba a ɗinka ba, a E yana ina, a F kuɗin saye, a G kuɗin ɗinki, a H kuma na ina ne, na zaman gida ko na aiki ko na biki. Kowane kaya layinsa ɗaya a kwance. Na lefe da na kyauta da ba ki san kuɗinsu ba ki bar gidan kuɗin babu komai, kar ki yi ƙiyasi.

Gidan E ɗin nan da kika gani, "yana ina", shi ne na fi so ki riƙe da muhimmanci kuma shi mutane suka fi rainawa. Da yawa cikin kayanmu ba a sif suke ba ma. Ɗaya na wajen tela tun kafin azumi, biyu na wajen mai wanki da guga, leshin nan mai tsada ƙanwar miji ta ara ta je biki ba ta dawo da shi ba ke kuma kunya ta hana ki tambaya har kin manta, wani kin baro shi gidan Hajiya lokacin wankan jego. Ranar da kika zauna kika cike wannan gidan za ki ga kaya nawa ne naki da ba sa hannunki, kuma in kin rubuta "wajen tela" ki haɗa da ranar da kika kai da kuɗin da kika bayar kafin alƙalami, saboda yawancin rigimar mu da teloli daga rashin rubutu take tasowa, ke ki ce kin ba da dubu biyar shi ya ce uku kuma babu mai shaida. Akwatunan ma ki sa musu lamba, akwati 1 akwati 2, yadda ba sai kin sauke duka kin zazzage ba kafin ki samo turmi ɗaya.

Daɗin abin yana fitowa ne a filta, wato matatar da ke tace miki layuka. Kina kunna ta a layin kanun sai ki ce a nuna min waɗanda ba a ɗinka ba kawai, ko a nuna min kore kawai, nan take sauran su ɓuya. Toh ki ce kina tsaye a shago a Kwari, mai shago ya warware miki atamfa yana cewa Hajiya wannan sabon zane ne jiya ya sauka, sai ki ciro waya ki tace kalar, ki ga ashe kore huɗu gare ki biyu ma ba a ɗinka ba. Shikenan sai ki ce a nuna miki wata kalar ko ki wuce abinki. In kina so ma za ki iya saka hoton kowane kaya a cikin gidansa, Google Sheets na da wurin sa hoto a cikin gida, sai dai hotuna da yawa suna sa shafin nauyi a ƙaramar waya, don haka ki fara da na waɗanda ba a ɗinka ba.

Abu biyu ne ke ɓata wa masu farawa lissafi. Na ɗaya rubutu kala-kala, yau ki rubuta atamfa gobe atampa jibi Atamfa Holland, manhajar za ta ɗauke su abubuwa daban-daban, ki tsaya kan rubutu ɗaya. Na biyu kuɗi, kar ki rubuta 15k ko N15,000 da harafi a jiki, zai ɗauke shi a matsayin rubutu ya tsallake shi wajen tarawa, ki rubuta 15000 tsurarsa. In kina son jimla sai ki je wani gida da babu komai ki rubuta =SUM(F2:F200) zai tara miki duka kuɗin saye, in kuma yawan atamfofinki kike son sani ki rubuta =COUNTIF(B2:B200,"atamfa"). Waɗannan biyun sun ishe ki a yanzu.

Kuma dan Allah in kin gama kika ga waɗanda suka yi miki kaɗan ko kika shekara biyu ba ki taɓa ba alhali da kyansu, akwai masu buƙata a dangi da maƙwabta, ki fitar.

Tambaya: Salam Anti. Ni magidanci ne ma'aikacin gwamnati, mata ɗaya da yara biyar, ga mahaifiyata da ƙannena mata biyu da nake yi wa kayan sallah. Duk shekara sai goman ƙarshe na azumi nake shiga kasuwa, in kashe abin da ban yi niyya ba kuma duk da haka sai an samu wanda aka manta da takalminsa ko hularsa. Na iya Excel a wajen aiki amma ban san yadda zan tsara wannan ba. Daga Zariya.

Amsa: Wa alaikas salam Malam, Allah ya ƙara buɗi ya saka da alheri kan hidimar iyali. Tunda ka iya Excel aikinka ya zo da sauƙi. Naka tsarin ba irin na 'yar'uwarmu ta sama ba ne, kai mutane za ka jera ba kaya ba. Kowane mutum layinsa, sannan a tsaye ka sa yadi ko atamfa, yadi nawa, kuɗin yadi ɗaya, ɗinki, takalmi, hula ko mayafi, kayan ciki, sai gida na ƙarshe ya tara na kowa. Ka ƙara gidan lambar takalmi da ranar da aka auna, yara ƙafarsu ba ta jira, lambar bara ba za ta yi bana ba.

Gidan ɗinki nake so ka kula da shi sosai domin shi ne ke karya lissafin magidanta. Mutum zai ce ya ware dubu kaza na kayan sallah, yana nufin kuɗin yadi kawai, sai an kai wa tela ya ji kuɗin ɗinki da aikin wuya da shafi da zip da maɓalli, wani lokacin ɗinkin yarinya ƙarama ya kusa kamo kuɗin atamfar. Ka tambayi telan tun da wuri ka rubuta. Sannan turmin atamfa yadi 6 ne, in 'yan matan naka ƙanana ne turmi ɗaya zai iya fitar wa biyu, wannan maman yara ta fi ka sani, ku zauna tare ku cike. In a Google Sheets ka yi ma kana iya tura mata ta Gmail ɗinta ku riƙa gani tare, duk abin da aka saya ta sa alama.

Ka yi gida biyu na kuɗi, abin da na ƙiyasta da abin da na kashe. Tun daga 2023 da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira, farashin kayan da ake shigowa da su irin su shadda da leshi ya tashi sosai, kuɗin da ka sani a kai ba lallai shi za ka tarar ba, don haka a ƙiyasin ka ɗora wani abu a sama. Shekara mai zuwa wannan shafin shi ne zai zama madogararka.

Sai maganar lokaci. Azumi yana matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara, kuma tsakanin ƙaramar sallah da babba wata biyu ne da kwana goma kacal, albashi biyu kenan ga kuma ragon layya. Ka raba jimlar nan gida uku ko huɗu ka fara saye tun Rajab, yadi da atamfa su fara tafiya wajen tela a Sha'aban kafin ya ce ya rufe karɓar ɗinki, takalma ka bar su ƙarshe saboda girman ƙafa. In ka yi wa kowa kala biyu tun farko, ɗaya a ajiye ta babbar sallah, ka huta. Kuma tunda sallolin shekarun nan a lokacin zafi suke faɗowa, ka nema wa yara yadi mara nauyi.

Tambaya: Anti ina kwana. Ni a Maraɗi nake, intanet ba kullum nake da shi ba kuma da sefa muke saye, wannan abin zai yi a wajena?

Amsa: Lafiya lau ƙanwata, zai yi. Lambobi kawai yake tarawa, babu ruwansa da naira ce ko sefa, sai dai in kina tsallakowa Jibiya ko Kano sayayya ki raba gida biyu kar ki cakuɗa su a layi ɗaya. Google Sheets na da wurin da za ki danna ki ajiye shafin ya riƙa buɗewa ba tare da intanet ba, ranar da kika samu data sai ya ɗora gyaran da kika yi. In wayar ƙarama ce ba ta ɗauka, littafi da rula da biro ma sun yi, ki ja layukan nan da na faɗa.

Tambaya: Anti anko ya ishe ni wallahi. Na gidanmu, na gidan miji, na 'yan ajinmu, na wurin aiki, na makarantar islamiyya, kowa ya fitar sai an turo min a WhatsApp kuma in ban yi ba a ce ba na zumunci. Mijina ya fara magana. Ya zan yi? Daga Gombe.

Amsa: Kai 'yar'uwa, wannan ya dami mata da yawa kuma abin yana taɓa ni, saboda na san akwai masu cin bashi ko su taɓa kuɗin adashi don kawai kar a ce ba su fito da anko ba. Ki buɗe shafi na daban ki kira shi Anko. Ki rubuta bikin wa, dangantakarku, wane wata, kuɗin atamfa ko leshin, kuɗin ɗinki, mayafi ko ɗaurin kai in an haɗa, sai gida na ƙarshe: sau nawa na sa shi, har da ranar bikin. Ki fara da na shekarar da ta wuce, ki bi hotunan wayarki za su tuna miki.

Sai ki raba kuɗin da yawan sawa. A ce leshi ya ci 40000 da ɗinki kika sa shi sau ɗaya, sawa ɗaya ta tsaya miki 40000 kenan, atamfar 18000 kuma da kika sa sau goma sha biyu ta tsaya miki 1500. In kuɗin saye na gidan D, ɗinki na E, mayafi na F, yawan sawa na G, sai ki rubuta =(D2+E2+F2)/G2 ki ja shi ƙasa ya yi wa sauran. Wanda ba ki taɓa sawa ba kwata-kwata zai nuna alamar kuskure don ba a raba lamba da sifili, kar ki tsorata, ki bar shi haka ki gan shi.

Jimlar ki nuna wa maigidan da kanki kafin ya sake magana, ku yanke adadin da za ku iya a shekara, ki rubuta shi a saman shafin, duk ankon da kika yi ki cire. Shawarata na 'yan'uwa na jini da ƙawa ta ƙut da ƙut su ne a gaba, kuma in za ki yi ki ce wa tela ya yi miki ɗinkin da za ki iya zuwa aiki ko unguwa da shi daga baya, ba mai jela da duwatsu da sai ranar dina ba. Sauran kuma ki tace kala a shafin kayanki, in ankon ruwan hoda ne da wuya ki rasa mai ruwan hoda a sif ɗinki, ki sa shi ki je da gudunmawarki a hannu ki yi wa amarya Allah ya sanya alheri. In mai bikin ta tambaya ki ce mata wannan karon bai samu ba, ba sai kin yi dogon bayani ba.