Firintata Tana Nuna P08 Ta Tsaya: Risetin Zai Magance Matsalar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da hotunan fasfo, ina aiki da Canon G2411. Kwanakin baya baƙar tawada ta yi ƙasa sosai ana tsakiyar aiki, na ci gaba da bugawa har rubutu ya fara fitowa da layi-layi. Na sayo tawada a kasuwa na cika tankin, amma baƙin bai dawo ba. Yanzu in ta buga shafi uku ko huɗu sai ta tsaya ta nuna P08, a kwamfuta kuma 5200. Wani ya ce in kai ta a yi mata risetin. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, don Allah ka dakata da bugawa, kuma kada ka kai ta risetin tukuna. Lambar 5200, wadda ke fitowa a matsayin P08 a ƙaramin allon firintar, tana nufin kan da ke fesa tawada ya yi zafi fiye da ƙima. Risetin zai goge gargaɗin ne kawai, abin da ya kawo zafin yana nan. Duk shafin da ka ƙara bugawa a wannan hali yana ƙara matso da kan zuwa ƙonewa, kuma kan da ya ƙone ba ya gyaruwa, sai dai a sayi sabo.

Ga yadda abin yake. Firintocin Canon irin naka, da yawancin na HP, da zafi suke fesa tawada. A bayan kowane ƙaramin rami na kan akwai wata 'yar mitsitsiyar hita da ke ɗaukar zafin da ya kai kusan digiri 300 cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tawadar da ke wurin sai ta tafasa ta yi kumfa, kumfar ta turo ɗigo ɗaya kan takarda, sabuwar tawada ta shigo ta cike gurbin. Haka ke faruwa sau dubbai a daƙiƙa guda. Wannan sabuwar tawadar da ke shigowa ita ce ke sanyaya hitar, babu fanka babu wani abu daban. Ka san abin da ke samun hitar dafa ruwa in aka jona ta ba ruwa a bokiti. To shi ne ke samun kan firintarka. Epson da Brother kuwa ba sa dafa tawada, wani ɗan sinadari ne ke motsawa da lantarki ya turo ɗigon, shi ya sa toshewa ta fi damunsu a kan ƙonewa.

Daga bayaninka, abin da na fi zato shi ne iska ce ta shiga tiyo. Da tawada ta sauka ƙasa da layin ƙarshe da ke jikin tanki, firintar ta fara zuƙo iska. Cika tankin daga baya ba ya fitar da iskar da ta riga ta zauna a hanya. Tanki cike, kai kuma yana aiki a bushe. Ɗaga murfin ka dubi siraran tiyon da suka taso daga tankuna zuwa kan. Na baƙin ya kamata ya zama baƙi wuluk daga farko har ƙarshe. In ka ga wuri fari ko tawada a yanke-yanke, ka ga matsalarka da idonka.

Akwai alama mai daɗi a tambayarka: ka ce sai ta buga shafi uku ko huɗu take tsayawa. Wannan na nuna zafin gaske ne da ke taruwa a hankali, kan yana da sauran rai. Da a ce ta kwana a kashe, da safe kana kunnawa ta nuna P08 alhali tana da sanyi, da sai mu ce matsalar lantarki ce, ko dai kan ya riga ya ƙone, ko ɗigogin jan ƙarfen da ke bayansa sun yi datti, ko allon uwa, wato babban allon lantarkin da ke sarrafa firintar, ya taɓu.

Ka kashe ta da maɓallinta, ka cire filogi, ka bar ta ta huce kamar rabin awa. Sai ka buɗe ka tabbatar murfin da ke danne kan ya rufu sosai, maɓallai biyun da ke samansa masu haɗa tiyo da kai sun shige har ƙasa. Sau da yawa a nan iska ke kutsawa, musamman in an taɓa cire kan aka mayar a gaggauce. Wasu samfuran kuma suna da ƙaramin hannu na rufe hanyar tawada lokacin ɗaukar kaya. Mai irin wannan ya duba, ana mantawa da shi a rufe.

In ta kunnu lafiya, kada ka tura mata aiki. Shiga wurin kula da firinta a kwamfuta ka buga gwajin ramuka, wanda aka rubuta Nozzle Check. Takardar za ta nuna maka launin da ya yanke. Ka yi Cleaning, wato wankin kai, sau biyu, in bai dawo ba ka yi Deep Cleaning, wanki mai zurfi, kana buga gwaji bayan kowanne. Kamfanin kansa ya ce in hakan bai yi ba a kashe ta a jira awa 24 kafin a maimaita. Mutane ba sa haƙurin wannan jira, sai su jera wanki goma a zama ɗaya, su ƙarar da tawada, su cika soson da ke shanye dattin a ƙasa, daga nan P07 ta fito, matsala ta zama biyu.

Amma in tiyo ya nuna iska mai yawa, ƙaramin wanki ba zai jawo tawada daga tanki ba. Abin da kake bukata shi ne babban wankin da ake kira Ink Flush, a tsofaffin samfura System Cleaning. Yana shan tawada sosai, don haka ka tabbatar ta haura ɗigon alama da ke jikin tankin kafin ka fara, kuma ka zaɓi baƙi kawai tunda shi ya yanke. In ka yi shi da tanki mai ƙarancin tawada, wata iskar za ka ƙara zuƙowa.

Sai maganar tawadar da ka sayo, wadda ita ma ta tsaya mini a rai. Tawadar G2411 ita ce GI-490, kuma baƙarta mai ƙwayoyi ce, ta bambanta da ta launuka ukun da ke narke kamar rini. In aka zuba wata iri a kan ragowar tsohuwa, tana iya dunƙulewa ta toshe ramuka. Tawadar da aka haɗa don Epson kuma ba a yi ta don tafasa ba, tana barin ƙanzo a kan hitocin, ƙanzon ya hana zafi fita. Duba kwalbar. In ba a rubuta cewa ta irin firintarka ce ba, a zuƙe ta da sirinji a zuba ta ainihi kafin babban wankin. Rarar kuɗin da ke tsakanin kwalaben biyu ba ta kai kuɗin sabon kai ba.

In tiyo ya cika amma gwaji na nuna giɓi, ramukan ne suka bushe. Cire kan, ka jiƙa tsumma marar zare da ruwan batir mai tsabta wanda ba shi da asid, mai ɗan ɗumi, ka ɗora fuskar ramukan a kai na minti goma. Ruwa kada ya taɓa ɗigogin jan ƙarfen, kuma sai ya bushe ƙarau za ka mayar, don jiƙaƙƙen kai yana iya ƙona allon uwa. Ban da allura, ban da fetur ko kananzir, ban da ruwan burtsatse.

Yanayinmu ma yana da nasa kason. An tsara waɗannan firintoci su yi aiki tsakanin digiri 5 da 35, ga shi a watan Afrilu zafi na haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, balle a shagon kwano. A irin wannan lokaci ka riƙa raba manyan ayyuka kashi-kashi, ka ajiye ta inda iska ke kaiwa. Da hunturu kuma bushewar iska da ƙura ne ke toshe ramuka, sai ka riƙa lulluɓe ta da dare. In za ka tashi ka kashe ta da maɓalli, ka jira kan ya koma mazauninsa ya rufe baki kafin ka kashe janareta. In wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, da zarar ta dawo ka kunna ta ka sake kashewa yadda ya kamata.

In ka bi duk wannan, tiyo ya cika, amma baƙi bai fito ko kaɗan ba, ko P08 na dawowa tun tana da sanyi, to kan ya tafi. A samfurinka kan baƙi daban yake da na launi, don haka baƙin kaɗai za ka canza. Ka nemi mai gyara ya gwada da wani kai lafiyayye tukuna, domin in allon uwa ne ya lalace zai iya ƙona sabon da ka saya. Kuma a fitar da iskar tiyo kafin a buga shafin farko da shi.