Jaman Shefad ko Bowabol: wanne ya dace da gida mai yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in ajiye karen gadi, an kuma kawo mini kwikwiyo biyu in zaɓa, Jaman Shefad da Bowabol. Ina da yara huɗu, ƙaraminsu shekara 3. Tsakar gidana ba ta da faɗi, muna da kaji da awaki biyu, ni kuma aiki kan fitar da ni gari. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki Jaman Shefad, in da hali ma karya, domin ta fi namijin sauƙin bi.

Fara duba nauyi. Namijin Jaman Shefad kan kai kilo 30 zuwa 40, karyar kuma 22 zuwa 32. Bowabol kuwa, wanda manoman Afirka ta Kudu suka samar don tsaron gonaki, ba wuya ya wuce kilo 65. Kare mai wannan girman ko wasa yake yi, bangaza ɗaya za ta kai ɗan shekara 3 ƙasa. Ga shi da taurin kai: yana son ubangida tsayayye da zai riƙa horar da shi kullum, kai kuma ba ka zama. Ranar da ka yi tafiya, uwargida ce za ta riƙe igiyarsa idan baƙo ya yi sallama. Abincinsa ma kusan ninki biyu ne na Jaman Shefad. Babban Jaman Shefad na cin kimanin giram 400 na busasshen abincin kare a rana, a raba safe da yamma.

Sai dai shi ma Jaman Shefad yana da nasa matsalolin. Gashinsa hawa biyu ne, don haka bazarar Zariya na wahalar da shi fiye da Bowabol mai gajeren gashi. A yi masa ɗaki mai iska a inuwa, kada a bar shi ƙarƙashin kwanon rufi tsirara, ruwa kuma kada ya yanke. Kada a aske shi, a dai riƙa taje gashin sau biyu ko uku a mako, nan ne ma za a ga kaska. A duba cikin kunne da tsakanin yatsu, domin kaska na sa masa zazzaɓi da ƙarancin jini. Tunda filinka kaɗan ne, dole wani babba ya fita da shi yawo na awa ɗaya a kullum, da asuba ko bayan la'asar. Wanda aka ɗaure da sarƙa dare da rana, haushi da cizo yake koya, kajin gida ne kuma ke fara ɗanɗanawa. Tun yana wata 2 zuwa 4 a riƙa nuna masa kajin da awakin yana cikin igiya, a tsawata masa duk lokacin da ya yunƙura.

Kafin ka biya, ka ga uwarsa tana tafiya. Idan tana ɗingishi ko ƙafafunta na baya na harɗewa, bar shi, ciwon ƙugu gado ne a wannan irin. Kada ka karɓi kwikwiyon da bai kai mako 8 ba.

Rigakafi kuwa, allurar farko tsakanin mako 6 da 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Ita ke kare shi daga fabo, cutar amai da gudawa mai jini da ke kashe kwikwiyo cikin kwanaki. Ta haukan kare a wata 3, sannan duk shekara. Asibitin koyarwa na likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello yana nan kusa da kai a Samaru.

Kada a zuba masa ragowar miya mai albasa, tana lalata masa jini, haka dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya soke hanji. Kwanonsa daban, wurinsa nesa da inda ake alwala da sallah, kuma ko ya saba da yaran, kada a bar ƙaramin shi kaɗai da shi, musamman lokacin da yake cin abinci.