Laftof mai Celeron N2840 tana daskarewa a Linux

Malam, ka ce laftof ɗinka tana sandarewa haka kawai a Ubuntu, ko fitilar Caps Lock ba ta amsawa, kuma journalctl, umarnin da ke nuna rahoton abin da ya faru a injin, bai nuna komai ba. Wannan shirun shi ne babbar alama: injin ya tsaya cak kafin kanel, wato zuciyar Linux, ya samu damar rubuta komai.

Furosesar nan, Celeron N2840, 'yar gidan Bay Trail ce ta Intel, kuma an daɗe da sanin cutarsu. Idan ba aiki, kanel kan tura ta barci mai zurfi, wato C6, don a rage cin batir, wani lokacin kuma ta kasa farkowa.

Buɗe /etc/default/grub, a layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT ka ƙara intel_idle.max_cstate=1 bayan quiet splash, cikin alamar zancen. Sai ka buga sudo update-grub, ka sake kunnawa. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, su gyara fayil su manta da update-grub. Duba /sys/module/intel_idle/parameters/max_cstate, in ka ga 1 ya kama.

Amma fa batir zai riƙa ƙarewa da wuri, injin kuma zai ɗan ƙara ɗumi. A ganina hakan ya fi asarar aiki sauƙi. Kada ka haɗa gyara biyu lokaci guda, don ba za ka gane wanda ya yi magani ba.

In ta ci gaba da daskarewa, bar Memtest86+ ya kwana yana gwada RAM. Idan ba kuskure ko ɗaya, kai wa mai gyara ya duba zafi da wutar allon injin.