Tambaya da Amsa: Tsohon Soja da Fafutukar Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya

Tambaya: Na yi ritaya ina saje. 'Yan mazan jiya na yankinmu sun ce in shige musu gaba wajen neman ariyas ɗin fansho, wasu kuma na cewa in fito takara. Doka ta yarda? Ta ina zan fara? Daga wani tsohon saje, Zariya.

Amsa: Ranka ya daɗe, doka ta yarda. Da zarar an ba ka takardar sallama ka koma farar hula, kuma sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin shiga ƙungiya ko jam'iyya. Sai dai kaki ya tsaya a gida. Kada kowa ya sa shi zuwa taron siyasa ko zanga-zanga, domin da shi za a fake a kama ku, a manta da abin da ya fito da ku.

Ka fara da takardu kafin taro. Kowane mutum ya kawo takardar sallamarsa, lambarsa ta soja, muƙamin da ya bar aiki da shi, ranar shiga da ranar fita, da bayanin asusun banki na watannin da ake ƙorafi a kansu. A nan yawancin koke ke mutuwa: sunan da ke takardar soja daban, na BVN ko NIN daban, ko kuma mutum bai je tantancewa ba aka cire shi daga jerin biya. Matan mamata sun fi shan wannan wuya, musamman idan marigayin bai sabunta sunan magajinsa ba. Ku gyara waɗannan tukuna.

Sannan ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Tun gyaran doka na 2011 aka fitar da sojoji daga tsarin fanshon karo-karo, don haka maganarku tana hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro. Hujjarku mafi ƙarfi ita ce sashe na 173(3), wanda ya ce a sake duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikatan tarayya, wanda duk ya riga zuwa. Ku rubuta koke da lissafi: mutum nawa, wata nawa, naira nawa. A buga muku hatimin karɓa a kwafinku. In aka yi shiru, sai kwamitin koke-koke na Majalisar Tarayya, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Zanga-zangar lumana ita ce ta ƙarshe. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a 2007 cewa ba sai da izinin 'yan sanda ba, amma ku sanar da su a rubuce domin su ba ku kariya.

Takara kuwa, dole jam'iyya ta tsayar da kai. Hanya ce da manyanku suka bi: Janar Shehu Musa 'Yar'adua ya bar soja a 1979 ya gina tafiyar siyasa, Kanal Abubakar Dangiwa Umar kuma ya ajiye kaki a 1993 bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, ya ci gaba da faɗa wa gwamnatoci gaskiya ba tare da kujerar zaɓe ba. Shawararmu, in ka yanki katin takara ka sauka daga shugabancin ƙungiyar. Ranar da aka ce ƙungiyar ta jam'iyya kaza ce, rabin mutanenka za su janye, gwamnati kuma ta samu bakin cewa 'yan adawa ne.

Tambaya: Kakana ya yi wa Faransa soja, amma fanshonsa bai taka kara ya karya ba har ya rasu. Me ya jawo? Kakata na da rai. Daga wata mai karatu, Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa. A Disambar 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, Nijar na ciki, na Faransawa kuma ya ci gaba da ƙaruwa. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kotun ƙoli ta harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, bayan ya rasu. An fara daidaitawa a 2007, aka kammala daga Janairun 2011, amma wani ɓangaren gyaran sai wanda ya rubuta ya nema.

Jika ba ya gadon fansho. Kuɗin da ake ba wanda ya halarci fagen daga yana ƙarewa da rasuwarsa, fanshon ritaya da na rauni ne kaɗai matar mamaci za ta iya samun kaso a ciki. Ku nemo littafinsa na soja, takardar aure da ta rasuwa. In littafin ya ɓata, ku rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau a Faransa, da cikakken sunansa kamar yadda Turawa suka rubuta shi, da lambarsa da shekarar da aka ɗauke shi.