Waƙar shirin yara za ta iya shiga kasuwa, amma sai an sake gina ta

Ɗan'uwa, ka ce kuna da waƙar buɗe shirin yara mai daƙiƙa 40, yara sun haddace ta, kuna son fitar da ita cikakkiya, kana tambaya ko ana yi da kuma ta inda za a fara.

An sha yi. A 1970 "Rubber Duckie" ta shirin Sesame Street, wadda Jeff Moss ya rubuta, Jim Henson ya rera da muryar Ernie, ɗaya daga cikin 'yan tsanar shirin, ta kai ta 16 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. A Birtaniya waƙar Teletubbies ta hau ta ɗaya a Disamban 1997. "Can We Fix It?" ta Bob the Builder kuwa ita ta riƙe kambu a makon Kirsimetin 2000, babu waƙar da ta kai ta ciniki a ƙasar a shekarar. Sai dai a waɗannan biyun na Birtaniya ba ɗan guntun da ake ji a farkon shiri aka yanko aka kai kasuwa ba, tsawaita shi aka yi da sabon kiɗa.

Kafin ku taka sitidiyo, ku zauna kan takarda. Waƙa haƙƙi biyu gare ta: na wanda ya tsara kalmomi da kari, da na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. Sau da yawa tashar da ta biya kuɗin shirin ce ke da na biyun, wani lokaci har da sunan tauraron shirin da hotonsa. Mai yin muryar ma a duba yarjejeniyarsa, don yawanci ta talabijin kaɗai ya sa wa hannu. In aka tsallake wannan, ranar da waƙa ta fara kawo kuɗi ranar rigima ke tashi, kuma ƙorafi ɗaya ya isa a sauke ta daga dandamali.

Sai ginin waƙar. Daƙiƙa 40 ɗin nan amshi ne, kada ku taɓa shi, ko kalma ɗaya. Yaro yana jin an canja masa zai ce ba ita ba ce. Ku kewaye shi da baiti biyu, kowanne layi huɗu zuwa takwas, da ɗan wuri na kira da amsawa inda yara za su yi ihu ko tafi. Tsawonta ya tsaya tsakanin minti biyu da rabi zuwa uku, amshin kuma ya shigo kafin daƙiƙa 20. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a maimaita amshi sau shida a ce an yi waƙa. Yaro zai jure, amma wayar da rediyon a hannun iyaye suke, su za su kashe. Shi ya sa ganga da bes suke buƙatar nauyi irin na waƙar manya, kalmomin kuma su zauna na yara.

A kula da tsayin murya. Ƙananan yara sun fi sakewa daga C ta tsakiyar fiyano zuwa C ta samanta. In mawaƙi babba ya saukar da waƙar don ta yi masa daɗi, yara ba za su iya binsa ba, sai su yi shiru. A gwada ta da yara biyar ko shida kafin a rufe aiki. Inda suka yi tuntuɓe, nan za a gyara.

Kada a ciro sautin daga bidiyon shirin. A ma'aunin Turai sautin talabijin yana kan -23 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), manhajar sauraron waƙa ta Spotify kuwa wajen -14 take daidaitawa, wato na talabijin bai kai ƙarfin ba, ga ƙarar ƙofa da maganar mai gabatarwa duk sun cakuɗe a ciki. In aka ɗaga shi da ƙarfi sai ya riƙa tsatsa. A nemo fayilolin asali, murya daban, kiɗa daban, a sake haɗawa, a kuma ajiye kwafi marar murya don makarantu da bukukuwa. Kowane kwafi da lambarsa ta ISRC, wato lambar shaidar sautin da aka naɗa, da ita ake bibiyar kuɗinsa.

Game da YouTube, tun Janairun 2020 bidiyon da aka yi wa alamar na yara ba a sharhi a ƙarƙashinsa, ba a sa masa tallan da ke bin ɗabi'ar mai kallo, don haka kuɗin kowane kallo yana raguwa. Kada wannan ya sa ku ɓoye alamar, dokar kare bayanan yara ta Amurka ce ta jawo ta kuma akwai tara. Ku fitar da waƙar lokacin da shirin ke tsaka da tafiya a tasha, zai fi kyau a farkon hutun makaranta, tare da rawa mai motsi uku ko huɗu da ɗan shekara huɗu zai iya kwaikwaya.